Darasin Juma'a: Ɗan Littafin Da Zai Riƙe Mana Lokaci Da Amana

Godiya ta tabbata ga Allah da ya sake nuna mana wata Juma'ar da rai da lafiya. Tsira da aminci su ƙara tabbata ga Annabi Muhammadu da alayensa da sahabbansa baki ɗaya.

Bayan haka, 'yan'uwa maza da mata, darasinmu na wannan mako a kan wani ɗan ƙaramin abu ne, wanda kuɗinsa bai wuce na kwanon abinci ba, amma rashinsa ya raba aminai, ya karya jari, ya kuma bar marayu cikin rigima. Abin nan shi ne littafin rubutu guda ɗaya da mutum zai riƙa zuba ayyukansa da alkawuransa da basussukansa a ciki. 'Yan boko na ce masa dayari, mu kuwa bari mu kira shi littafin aljihu. Za mu fara da dalilin riƙe shi, sannan mu bi shi shafi-shafi mu ga yadda ake tsara shi.

Me ya sa mu muka fi buƙatarsa?

Yawancinmu a nan Maje baƙi ne. Wani daga Kano ya zo, wani Katsina, wani Sakkwato ko Zamfara, wani ma daga Maraɗi ko Damagaram. Neman halali ne ya tara mu. Wani yana jiran lodi a daffon mai, wani yana da tireda a bakin titi, wani kullum sai ya yi sammako zuwa kasuwar IBB a cikin Suleja, wani kuma ƙafarsa ba ta barin hanyar Madalla da Zuba da Dei-Dei.

A garinku, idan ka ci bashi ko ka ba da bashi, ƙanenka ya sani, maƙwabcinka ya ji, wataƙila ma a gaban mahaifinka aka yi maganar. A nan kuwa sau da yawa daga kai sai wanda kuka yi cinikin, sai Allah. Iyalin wasu ma suna can gida, ba su san da wa ake hulɗa ba, ba su san nawa ne jarin ba, ba su san kayan da ke shago na maigidan ne ko ajiyar wani ce ba.

Duk wanda ya taɓa zama wajen tattara kayan wani ɗan'uwa da ya rasu a baƙunta ya san abin da ake gani. Masu bin mamacin bashi za su zo, kowa da adadin da ya riƙe a ka, babu takarda, babu shaida. Waɗanda mamacin ke bi kuwa, mai tsoron Allah ne kawai zai kawo kansa. Magada su rasa wa za su gaskata. In sun biya kowa, haƙƙin marayu ya tafi. In sun hana, sun bar mamaci da nauyi a kabari.

Kuma ajali ba ya sallama. Ba mu manta da ranar Asabar 18 ga Janairu, 2025 ba, ranar da tankar mai ta kama da wuta a mahaɗar Dikko, nan kusa da mu, mutane masu yawa suka rasa rayukansu. Allah ya jiƙan waɗanda suka riga mu, ya ba iyalansu haƙuri. Mu da muke kwana muna tashi a kan wannan hanya, ya kamata kowannenmu ya tambayi kansa: in yau aka ce ban dawo gida ba, akwai inda za a duba a ga abin da ke kaina da abin da nake bi?

Rubutu umarni ne tun kafin zuwan boko

Wasu na ganin riƙe littafi ɗabi'ar ma'aikatan ofis ce. To mu duba. Aya mafi tsawo a cikin Alƙur'ani ita ce ta 282 a Suratul Baƙara, kuma a kan rubuta bashi ta sauka. Ta yi umarni a rubuta bashin da aka yanka wa lokaci, mai rubutun ya yi adalci, wanda bashin ke kansa shi ne zai faɗi abin da za a rubuta, a kafa shaidu, kuma kada a ƙosa da rubutawa ko bashin ƙarami ne ko babba. Cinikin hannu da hannu ne kawai aka sauƙaƙa a kansa. Ayar da ke bi mata ta kawo maganar jingina ga matafiyan da ba su sami marubuci ba. Mafi yawan malamai sun ɗauki umarnin a matsayin shiryarwa da abin so, ba farilla ba. Amma abin da Allah ya tsaya ya yi wa bayani dalla-dalla haka, mai hankali ba ya wasa da shi.

Imam Tirmizi ya ruwaito cewa Annabi Adamu ya ba Annabi Dawuda wasu shekaru daga cikin nasa, da lokaci ya yi sai ya manta ya yi kyautar, kuma daga nan ne aka yi umarni da rubutu da shaidu. Ke nan mantuwa gadonmu ce. Ɗan Adam tara yake, bai cika goma ba. Idan ɗan'uwanka ya ce a rubuta, ba tuhumarka yake yi ba, yana kare zumuncinku ne daga ranar da ɗayanku zai ce dubu hamsin ne, ɗayan ya rantse dubu arba'in ne, alhali babu maƙaryaci a cikinsu.

Kalandar Hijira da muke amfani da ita ma, malaman tarihi sun kawo cewa ɗaya daga cikin dalilan kafa ta takardar bashi ce. An kawo wa Sayyidina Umar takarda da aka rubuta za a biya a watan Sha'aban, sai ya tambaya wane Sha'aban ɗin, na bara, ko na bana, ko na baɗi? Sai ya tara sahabbai aka yi shawara, aka tsayar da ƙirga shekaru daga Hijira. Darasi na nan kusa: duk abin da za mu rubuta, mu sa rana da wata da shekara.

Sai labarin Zubairu ɗan Awwam, Allah ya yarda da shi, wanda Imam Buhari ya kawo. A ranar yaƙin Raƙumi, shekara ta 36 bayan Hijira, ya kira ɗansa Abdullahi ya nuna masa cewa babbar damuwarsa ita ce bashin da ke kansa. Yawancin bashin kuwa ajiyar mutane ce, domin in an kawo masa ajiya sai ya ce a mayar da ita rance, saboda in ta salwanta ya zama shi ke da alhakin biya. Da Abdullahi ya lissafa sai ya tarar bashin ya kai 2,200,000. Ya sayar da filaye ya biya, sannan ya ƙi raba gado sai da ya yi shekara 4 yana shela a lokacin aikin Hajji, ko akwai sauran mai bin mahaifinsa. Wannan fa sahabi ne da aka yi wa bushara da Aljanna. Ina ga mu?

Magabatanmu fatake ma ba su raina alƙalami ba. Alhaji Umaru na Salaga, haifaffen Kano da ya zauna cikin zangon Hausawa a ƙasar Gonja, ya kuma rasu a Kete-Krachi ta ƙasar Gana a 1934, yana da littafi sukutum a kan yadda ake rubuta wasiƙu. Su ma baƙi ne kamar mu, kuma takarda ce ke riƙe amana tsakanin mai kaya a gida da wakilinsa a nesa.

Abin da za a tanada

Littafin rubutu irin na 'yan makaranta mai kauri ya isa, in an sami mai bango mai ƙarfi ya fi. A haɗa da biro da fensir da leda da za a riƙa sa shi saboda ruwan sama da maiƙo. Sharaɗi ɗaya ne: ya zama guda ɗaya tak. Mai rubutu a bayan kwalin sigari yau, gobe a jikin bangon shago, jibi a tafin hannu, shi da wanda bai rubuta ba duk ɗaya ne. Kafin a fara, a sa wa shafuka lamba daga farko har ƙarshe, domin in an yage wani a gane.

Shafin farko: wane ne mai littafin

A rubuta cikakken suna, da sunan mahaifi, da garin asali da unguwa, da inda ake zaune a nan Maje. A sa lambobin wayar mutum biyu da za a nema in wani abu ya faru, ɗaya a nan, ɗaya a gida. A rubuta sunayen bankunan da ake ajiya a ciki, har da irin su OPay da Moniepoint, domin magada su san inda za su nufa. Amma lambar sirri kam, kada a kuskura a rubuta ta a littafin nan. In akwai abokin tarayya a jari, a faɗi sunansa da kason kowa. Buhari da Muslim sun ruwaito hadisin da ke nuna bai kamata Musulmi mai abin yin wasiyya ya kwana biyu ba tare da wasiyyarsa na rubuce ba. Wannan shafi shi ne matakin farko na aiki da hadisin.

Kashi na biyu: shafukan shekara

A ware shafi 12, kowane wata da nasa. A nan za a zuba abubuwan da mun san suna tafe, amma kullum sai su zo mana kamar ba zato. Ranar da kuɗin hayar ɗaki da na shago ke ƙarewa. Kuɗin makarantar yara, zango uku a shekara, wajen Satumba da Janairu da ƙarshen Afrilu. Ranar da takardun mota ko na babur da lasin tuƙi za su mutu. Lokacin aika kuɗin taki gida kafin damina ta sauka. Azumi, da ɗinkin Sallah, da ragon layya, da kuɗin motar zuwa gida, wanda kowa ya san yadda yake tashi in Sallah ta matso.

Ba a fafe gora ranar tafiya. Idan haya naira 240,000 ce a shekara, a misali, to naira 20,000 ce a wata, kusan naira 5,000 a mako. Wanda ya rubuta haka ya riƙa cirewa a hankali, ranar da mai gida ya zo ba sai ya taɓa jari ko ya sayar da wayarsa ba.

A kowane shafi a sa watan Musulunci kusa da na Bature. Shekarar Hijira kwana 354 ce ko 355, wato tana gaza ta Bature da kwana 10 ko 11. Shi ya sa azumi da Sallah ke matsowa gaba kowace shekara. A rubuta na Musulunci da fensir, in Sarkin Musulmi ya sanar da ganin wata sai a tabbatar da biro.

Amfanin wannan ya fi fitowa a zakka, domin da shekarar Hijira ake lissafinta. A mazhabar Malikiyya, ɗan kasuwa mai juya kaya kullum, irin mai tireda da mai shago, yana tsayar da wata guda a shekara. In watan ya zo sai ya yi wa kayan shagonsa kuɗi, ya haɗa da tsabar da ke hannu da ta banki, da bashin da yake sa ran za a biya shi, ya cire wanda ake bin sa bisa sharuɗɗan da malamai suka bayyana. In abin ya kai nisabi, wato kimar zinare giram 85, sai ya fitar da ɗaya cikin 40. Kowace naira 40,000 ke nan ana fitar da naira 1,000. Nisabi yana hawa da sauka da farashin zinare, don haka a tambayi malamai na bana. To wanda bai san watan zakkarsa ba, bai san nawa yake bi ba, ta yaya zai sauke wannan rukuni daidai?

Kashi na uku: haƙƙoƙin mutane

Nan ne zuciyar littafin. A raba shi gida huɗu: abin da ake bi na, abin da nake bi, ajiyar mutane da ke hannuna, sai adashi. A fara da abin da ake bin mu, domin shi ne wanda za a tsare mu a kansa gobe kiyama. Imam Muslim ya ruwaito cewa ana gafarta wa shahidi komai ban da bashi. Buhari kuma ya kawo cewa an taɓa kawo gawar wani mai bashi, Manzon Allah (SAW) bai sallace shi ba sai da Abu Ƙatada ya ɗauki nauyin biya.

Kowane bashi a rubuta masa abu bakwai: sunan mutum da inkiyarsa da lambar wayarsa, abin da ya karɓa, adadi da farashi, ranar karɓa, ranar biya, sunan shaida, sai sa hannu ko dangwale. Ga misali: Wane ɗan Wane, buhun masara 3, kowanne naira 40,000, jimla 120,000, ya ba da 70,000, saura 50,000, zai cika ranar kaza ga watan kaza na shekara kaza, a gaban Wane. Duk ranar da ya kawo wani abu a rubuta a ƙasa, a fitar da ciko, a gabansa. In ya gama biya a ja layi ɗaya a kai yadda rubutun zai karantu, kada a yage shafin.

Akwai abu biyu da zamani ya ƙaro mana. Na farko, tun da aka cire tallafin mai a watan Mayu na 2023 farashin kaya ya daina zama wuri ɗaya. Saboda haka a fayyace tun farko: rancen buhu aka yi, ko sayar da buhu aka yi bashi? In rance ne, buhu za a mayar. In ciniki ne, kuɗin da aka yanka ranar nan shi ne, ko da kaya sun ninka, kuma ƙara wani abu a kai saboda an yi jinkiri riba ce wadda Allah ya haramta. Rigingimu da yawa a kasuwa daga rashin fayyace wannan suke tashi.

Na biyu, tun ƙarancin takardun kuɗi na farkon 2023, ciniki ya koma ta waya. Kuɗi na shigowa da sunan da ba ka sani ba, domin mai sayen ya tura ta asusun ƙanensa ko ta wajen mai POS. In ba a rubuta nan take cewa kuɗin Wane ne na kaya kaza ba, bayan mako biyu an shiga ruɗani. Kuma a duba asusu a ga kuɗi sun zauna kafin a saki kaya, kada a dogara da alat ko hoton rasit.

Sai mu ja hankalin magidanta. Kuɗin da ka karɓa a hannun maiɗakinka, na adashinta ko na awara da ƙuli-ƙulin da take yi, da sunan za ka mayar, bashi ne kamar kowane bashi. Dukiyar mace tata ce a shari'a. Ka rubuta shi a sahun farko. Haka kuɗin yaron shago da ka ce kana tara masa, da saƙon da aka ba ka ka kai gida.

Littafin nan kuma ba bulala ba ce. Aya ta 280 a Baƙara ta yi umarni a saurara wa wanda ke cikin ƙunci har ya samu, ta kuma nuna yafewa ta fi alheri. Manzon Allah (SAW) ya yi addu'ar rahama ga mai sauƙin hali in zai sayar, in zai saya, da in zai nemi haƙƙinsa. A ɗaya ɓangaren kuma ya kira jinkirin mai hali zalunci. In ka yafe wa mutum, ka rubuta ka yafe, kada magadanka su je suna bin sa bayan ranka.

Kashi na huɗu: shafin kowace rana

Sauran littafin duk na ayyukan yau da kullum ne. A nan ba mu buƙatar aron tsarin kowa, domin Allah ya riga ya yanka mana yini gida biyar. Imam Gazali a cikin Bidayatul Hidaya haka ya bi da ɗalibi, daga farkawa har kwanciya, yana rataya kowane aiki a jikin lokacin salla. Mu ma sai mu ja layi huɗu a shafi, mu sami gida biyar: Asuba zuwa Azahar, Azahar zuwa La'asar, La'asar zuwa Magariba, Magariba zuwa Isha'i, sai bayan Isha'i. Dama haka muke yin alkawari, mu ce mu haɗu bayan La'asar. Kowane aiki a sa shi a gidansa, salla ta zama ita ce turke, ciniki ya kewaye ta.

Gidan farko shi ya fi tsawo, shi ya fi albarka. Abu Dawuda da Tirmizi sun ruwaito addu'ar da Manzon Allah (SAW) ya yi ta neman albarka ga al'ummarsa a sammakonta. Sahabin da ya ruwaito hadisin, Sakhru Algamidi, ɗan kasuwa ne, ya riƙa tura kayansa da sassafe, ya kuwa yi arziki mai yawa. Don haka aikin da ya fi nauyi, ko sarin kaya ne, ko zuwa banki, ko kai mara lafiya asibiti, a sa shi a nan. Duk mai bin hanyar Abuja ya san bambancin wanda ya fita bayan sallar Asuba da wanda ya tsaya sai rana ta take.

Kada a cika shafi da ayyuka ashirin. A zaɓi manya guda uku, waɗanda in an yi su ranar ba ta tafi a banza ba, a sa musu alama. Ba a tauna taura biyu a lokaci guda. Abin da aka gama a soke shi. Wanda bai samu ba a mayar da shi shafin gobe. In aiki ya yi ƙaura sau uku, a tsaya a tambayi kai: tsoronsa ake ji, ko kuwa dama ba dole ba ne? In kiran wanda ke bin ka bashi ne kake ta ɗagawa, to shi za ka fara yi gobe da safe, ko da haƙuri kawai za ka ba shi.

Shafin rana ba na kasuwa kaɗai ba ne. Salmanul Farisi ya tuna wa Abu Darda'i cewa Ubangijinsa na da haƙƙi a kansa, jikinsa na da haƙƙi, iyalinsa ma na da haƙƙi, Manzon Allah (SAW) kuma ya gaskata Salmanu. To a rubuta izu ko shafin da za a karanta, da karatun tsakanin Magariba da Isha'i. A rubuta kiran mahaifiya a gida, kada sai in ita ta kira. A rubuta duba allon yara da littattafansu, da gaishe da mara lafiya, da lokacin barci, musamman direbobinmu masu doguwar tafiya. Zafin nema ba ya kawo samu.

A ƙasan shafi a ja layi biyu: abin da ya shigo, da abin da ya fita. A raba kuɗin shago da na cefane. Mai shago ya yanka wa kansa abin da zai riƙa ɗauka kullum, ya rubuta. Jari ba ya karyewa rana ɗaya. Ɗari biyar ɗin shayi, dubu ɗayan mai, dubu biyun da aka miƙa wa baƙo, su ne ke cinye shi ba a ji ba.

Zaman daren Juma'a

Juma'ar da za ta yi kyau tun daga Laraba ake gane ta. Mu ware minti 20 kowane daren Juma'a, bayan Isha'i, mu zauna da littafin. A duba bashin da lokacinsa ya yi a mako mai zuwa, a sanar da mai shi tun da wuri. A haɗa lissafin mako. A leƙa shafin wata a ga abin da ke tafe. A rubuta ranakun kasuwannin da za a ci. Ranar Juma'a kuma kada a sa alkawarin ciniki a lokacin salla, domin aya ta 9 a Suratul Jumu'a ta yi umarni a bar ciniki in an yi kira, ta 10 kuma ta ba da izinin a watsu a nemi falalar Allah bayan an idar.

A wannan zaman ne za a ɗauki hoton shafukan bashi da waya, a tura wa wani amintacce guda ɗaya, ko ɗa, ko mata, ko ɗan'uwa. Gobara da ruwa da ɓarawo ba sa tambaya. Wanda ya fi son ya yi komai a waya, babu laifi, amma ya tuna waya na faɗuwa, caji na ƙarewa, kuma in mai ita ya rasu a kulle take. Haƙƙin mutane dai ya kasance yana kan takarda, kuma wani ya san inda takardar take.

Iyaye mata, da wanda bai iya boko ba

Uwargida, ke ma littafinki daban. Zubin adashi da ranar kwasa, bashin masu sayen abinci da na ɗinki, ranar zuwa awo, da ranakun rigakafin jariri: ranar haihuwa, mako 6, mako 10, mako 14, da wata 9. Uwar adashi kuwa, wadda kuɗin mutum goma ko ashirin ke hannunta, ita ta fi kowa buƙatar wannan darasi.

Wanda bai yi boko ba ya rubuta da ajami, ai rubutu ne, da shi kakanninmu suka yi fatauci. Wanda bai iya ko ɗaya ba ya sa ɗansa ɗan makaranta ya rubuta masa kowane dare, a karanta masa ya ji. Yaron ya koyi lissafi, ya koyi amana, ya san halin da gidansu ke ciki. In sirri ne ba a son yaro ya sani, a nemi wani amintacce a masallaci. Ayar bashi da kanta ta hana wanda Allah ya sanar da rubutu ya ƙi rubuta wa mutane.

Tsari ba ya karo da tawakkali

Wani zai ce gobe ta Allah ce, mene ne na tsara ta? Gaskiya ne ta Allah ce. Shi ya sa Suratul Kahfi ta koya mana kada mu ce za mu yi abu gobe ba tare da mun ce in Allah ya so ba. Amma Annabi Yusufu, da ya san fari na tafe, tsarin shekara 7 na noma da ajiya ya shimfiɗa wa mutanen Masar. Mutumin da ya tambaya ko ya saki raƙumarsa ya dogara ga Allah, cewa aka yi ya ɗaure ta sannan ya dogara. Mu rubuta, mu ce in sha Allahu, abin da Allah ya hukunta kuma mu karɓa.

In an yi kwana biyu ko mako ba a buɗe littafin ba, kada a ce shi ke nan an fasa. A buɗe sabon shafi a sa kwanan watan yau a ci gaba. Aikin da Allah ya fi so shi ne wanda aka dawwama a kai ko da kaɗan ne.

Aikin wannan mako

Kafin Juma'a mai zuwa, kowa ya yi abu uku. Ya sayi littafin. Ya cika shafin farko. Ya zauna ya rubuta duk wanda ke bin sa, ko naira 200 ce ta mai shayi, sannan duk wanda yake bi. Inda aka sami saɓanin adadi, a je a daidaita yanzu da kowa ke raye, ana ganin juna, ana iya yafe wa juna. Sauran shafukan za su biyo baya a hankali.

Allah ya sa albarka a lokutanmu da kasuwancinmu. Allah ya biya wa masu bashi bashinsu, ya hore wa masu nema, ya tsare matafiyanmu a kan hanya. Allah ya sa mu koma gare shi babu haƙƙin kowa a wuyanmu. Amin summa amin.